Lafazin Da'awa da Iyakar Haƙƙin Mai Ƙirƙira

Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwar Sakkwato ya ga 'yar na'urar nan ta POS da ake biyan kuɗi da ita, wadda ta ƙara yaɗuwa tun ƙarancin takardun naira na 2023. Irin waɗannan na'urori sau da yawa akwai takardar mallakar ƙirƙira a bayansu, kuma ƙarshen takardar nan, inda mai ƙirƙira ke jera da'awarsa, shi ne kamar iyakar gona. Abin da ke cikin iyaka nasa ne har shekara 20. Abin da ke waje kuwa na kowa ne.

Dokar Nijeriya ta 1970, a sashe na 6, ta ajiye hukunci a kan lafazin da'awa. Bayani da zane ba su da aiki sai taimaka wa fassara. To, nan fa ake yin ta, domin kalma guda takan ɗauki ma'ana biyu.

Alal misali, a Amurka wani mai suna Herbert Markman ya ƙirƙiro tsarin da shagon wanki da guga zai riƙa buga rasit mai layukan da na'ura ke karantawa, don kada tufafin mutane su salwanta, ko ma'aikata su soke kuɗi. Ya kai kamfanin Westview ƙara. Gardamar duk ta tsaya a kan kalmar "inventory", watau lissafin abin da ke shago. Shin tufafi ake nufi, ko kuwa rasit da kuɗi ma sun isa? Na'urar Westview rasit da kuɗi kaɗai take bi. Masu taya alƙali hukunci suka ba Markman gaskiya, alƙali ya duba takardar tun daga farko har ƙarshe, ya ce kalmar ta haɗa da tufafi, ya rushe hukuncinsu. A 1996 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa fassarar da'awa aikin alƙali ne.

Turawan Ingila kuwa, a shari'ar Catnic ta 1980, sun ce a karanta kalma yadda gwanin sana'ar zai fahimci nufin mai ita, hanyar da ta fi kusa da adalci.

A nan gida ƙarar tana zuwa Babbar Kotun Tarayya ne, wadda ke da reshe a Sakkwato. Abin lura ga ma'aikatan gwamnati masu sayo na'urori shi ne, magatakarda ba ya bincika ko ƙirƙirar sabuwa ce kafin ya ba da takarda. Sai an je gaban alƙali ake sanin ingancinta. Har wa yau, dokar ba ta tsaya kan maƙeri ba. Wanda ya shigo da na'urar, da wanda ya sayar, da mai shagon da ya aza ta bisa teburinsa yana karɓar kuɗi, kowannensu ana iya kai shi ƙara.