Idan Kyanwar Gida Ta Ƙi Yashinta

Duk mai kyanwar da ba ta fita waje ya san wannan ɓacin rai: a wayi gari a tarar ta yi fitsari a kan katifa, alhali ga yashin da take ba-haya a ciki nan a ajiye. Wasu sai su rufe ta da duka. Don Allah a daina, tsoro kawai dukan yake ƙara mata.

Kyanwa dabba ce mai tsabta, ita da kanta take tona rami ta binne kashinta. In yashin ya yi wari, ko an ajiye shi gefen kwanon abincinta, ko a inda yara ke kai-komo, za ta nemi wani lungu. A riƙa kwashewa kullum, amma ban da mai juna biyu, domin kashin na iya ɗauke da ƙwayar cutar toksoplasma, mai illa ga ɗan tayi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne muzuru. In ya yi ta zirga-zirga zuwa yashi, ya tsuguna yana nishi yana kuka, fitsarin na fitowa ɗigo-ɗigo da jini, ko ma ya ƙi fitowa, to mai yiwuwa hanyar fitsarinsa ce ta toshe, don ta namiji siririya ce. Wannan na iya kashe shi cikin kwana 2 ko 3. A kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, ko da dare ya yi.