Jawabi Ga Malamai Da Almajirai A Kan Wunin Ƙawayen Amarya

 

Ya ku malamai da almajirai, zancen da na zo da shi yau mai gaggawa zai ce na mata ne, watau wunin da ƙawayen amarya ke yi da ita kafin a kai ta ɗakin miji. Amma duk mai ɗiya ko ƙanwa zai gamu da shi, ni kuwa na gamu da shi cikin gidana nan Ƙauran Namoda.

Da anka sa ranar ɗiyata, sai babbar ƙawarta ta aiko mani da takarda ta hannun uwargida. Ga abin da ke ciki: kamu rana guda, lalle rana guda, sa'an nan wata rana ta uku wadda ba mu gada ba, a kama zauren haya, a ɗauko mai kiɗan na'ura da mai hoto, a yi anko iri biyu, a tashi bayan lisha. Ƙawayen kuma ba duka ke Ƙaura ba, wasu na Shinkafi, wasu na Zurmi, waɗanda sunka yi makaranta tare.

Na hasala, na ce ba a yin ko ɗaya. Uwargida ta bari sai da na huce, ta ce, "Malam, kai ba a taɓa fid da kai daga gidan ubanka an kai ka cikin baƙi ba. Ranar nan ita ce ta ƙarshe da yarinya za ta zauna da tsaranta tana ɗiyar gida. In ka hana, me ka ba ta madadinta?" Na rasa amsa. Kuma da na koma ga littafi sai na iske hujja na wajenta, domin Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha ta raka wata amarya gidan wani mutumin Madina, Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya tambayi ko an yi masu abin wasa, don mutanen Madina na son shi. Ashe hanawa ɗungurungum ba ilimi ba ne, zafin rai ne.

To, ku dubi asalin abin. Dangin ango mata su zo kamu, ƙawaye su ɓoye amarya, a yi ciniki da raha, a biya kuɗin kamu, a fesa mata turare. A kwaɓa lalle, a ƙunsa mata ƙafa, dā har hannu akan sa cikin zunguru ya kwana. Tsofaffi na yi mata nasiha, tana kuka, tsaranta na lallashi. Babu abin da ke bukatar bashi cikin wannan. (Sai dai ku faɗa wa matanku, baƙin lallen da ake gauraya shi da rinin gashi yana ƙona fatar wasu, ya bar tabo. Jan lallen ganye ba shi da wagga illa.)

Inda ɓarna ta shigo shi ne anko. Tun da anka cire tallafin mai a 2023 kome ya yi tsada, amma an mai da atamfa guda sharaɗin shiga. Ɗiyar mai hali ta saya, ɗiyar talaka ta matsa wa uwa, uwa ta ci bashi ko ta sayar da akuya, wadda ta kasa kuwa ta ce ba ta da lafiya. Cikin ƙawayen ɗiyata akwai marainiya wadda tun allo suke tare, ita ce ta fara janye jiki. Wunin da anka yi don zumunci ya koma mai kore mafi kusa.

Sa'an nan hanya. Ba sai na gaya maku ba, daga nan hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Shinkafi da Isa, ɗaya ta nufi Zurmi da Jibiya, kuma kun san abin da ɓarayin daji sunka yi bisa kowacce. Kun tuna Satumbar 2021, da anka rufe kasuwannin mako anka yanke layukan waya cikin Zamfara saboda su. Wa zai ɗauki alhakin 'yammata cikin mota bayan magariba, da kwalliya da 'yan kunne, alhali an riga an watsa rana da wuri cikin waya?

Sai na kira babbar ƙawa, ta zauna bayan uwargida, munka daidaita. Kamu da lalle su haɗu wuni guda, cikin tsakar gida, mata zalla, daga hantsi zuwa la'asar. Kowa ta sa abin da take da shi. Gudummawa a miƙa wa babbar ƙawa a ɓoye, kada a kira suna, abin da ya rage bayan waina da fura a ƙara cikin kayan ɗaki. Kiɗan ƙwarya na yarda da shi, hoto kuma kada ya fita gida. Na nesa su taso da rana ta ɗaga, su kwana wurinmu, kuma wadda ubanta ya hana kada a yi mata gori. Yarinyar ta ɓata rai a kan zauren haya, ban ga laifinta ba, ƙuruciya ce.

Marainiyar nan ta zo, ita ta riƙe ƙwaryar lallen. Biyu sun zo daga Shinkafi. Ta Zurmi ubanta bai yarda ba, sai uwargida ta ƙulle mata rabonta na lalle da turare, ta ba wani direba da munka sani, ta ƙunsa can ranar da ake ƙunsawa nan.