Ƙasar Ɗambatta: Abin Da Iyayenmu Suka Bar Mana

Jawabi ga taron manoma, maza da mata

Yau zan yi magana a kan ƙasar da muke takawa, domin wanda bai san asalin gonarsa ba, ba zai iya riƙon ta ba.

Ƙaramar Hukumar Ɗambatta tana arewacin Jihar Kano, a kan hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Kazaure zuwa Daura. Ta yi iyaka da Jihar Jigawa, wadda aka yanka daga Kano a 1991. A ƙidayar 2006 mutanenta sun haura 200,000. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, yawancinta jigawa mai rairayi. Damina gajeriya ce, wata huɗu ko biyar, sauran shekara kuwa rani.

Ta fannin sarauta, Dambazawa suna cikin Fulanin da suka yi jihadi a Kano a farkon ƙarni na 19. Daga gidansu ake naɗa Sarkin Bai, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano, kuma Ɗambatta ce mazauninsa. Turawa sun ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911, sai gyaɗa ta zama kuɗi, kowa ya duƙufa noman ta.

Dattawan da ke nan ba su manta da farin 1973 ba. Gero ya ƙone a gona, dabbobi suka mutu. A 1975 kuma cuta ta kashe gyaɗa. A shekarun nan ne gwamnatin Kano, tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta himmatu ga gina madatsun ruwa. Madatsar Tomas da ke kusa da mu tana cikinsu, ita ta buɗe wa mutane da yawa noman rani.

To, ga abin tambaya. Ta yaya ƙasa mai rairayi ta ciyar da jama'a masu yawa haka, ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu? Amsar tana hannun iyayenmu. Suna kiwon awaki da tumaki a gida, su ba su harawa da karmami, da rani kuma su kai taki gona a mangala bisa jaki. Suna shuka wake tsakanin gero da dawa. Ba sa sare gawo, domin da damina yakan zubar da ganye, bai hana amfani rana, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Ɗorawa, kuka da tsamiya duk suna da masu su.

Yau gonaki sun ƙanƙance saboda rabon gado, takin zamani ya yi tsada, itacen girki kuma yana cinye mana bishiyoyi. In muka sare gawo don wutar kwana uku, da me jikokinmu za su gyara gona?

Don haka ina roƙon kowane gida abu uku kafin ruwa ya sauka. A tara takin dabbobi da toka wuri ɗaya, kada a bar su ga iska. In ana sharar gona, a bar ƙananan itatuwan da suka tsiro da kansu, a yi musu sassabe kawai. Sa'an nan yara su zauna da kakanninsu, su ji sunan kowace fadama da tsohuwar rijiya.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.