Jawabi kan tsofaffin ƙarafan da ake tonowa a ƙasa

Nijar na cikin ƙasashen da masana ke ambata in ana zancen mafarin ƙira a Afirka. A dutsen Termit an samu ƙarafan da wasu masu bincike suka kai shekarunsu wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, ko da yake har yau ana gardama a kai. A Bura kuwa, inda Boubé Gado ya yi tono a 1983, an tarar da kawunan kibau na ƙarfe a kaburbura.

Abin takaici, ƙarfen da ya shekara ɗaruruwa a binne yana iya rugurgujewa cikin ƴan shekaru bayan an fiddo shi. Dalili kuwa gishiri ne. A cikin ƙasa gishiri yakan ratsa tsatsa, ya kwanta a jikin ƙarfen da ya rage. Da ya sha iska da laima sai sabuwar tsatsa ta tsiro daga ciki, ta kumbura, ta tsaga abin kamar busasshen tabki. Hunturu na yi masa rangwame. Damina ce ajalinsa.

Saboda haka dokar farko ita ce kada a kankare. Sau da yawa ainihin siffar kibiya ko munduwa tana cikin tsatsar nan ne, ƙarfen tsakiya ya riga ya cinye. Masu gyara sukan fara da ɗaukar hoto irin na ƙashi a asibiti, su ga abin da ke ciki. Sannan a jiƙa shi watanni cikin ruwan soda, irin ta masu sabulu, haɗe da wani sinadari mai kore iska, ana sake ruwan har gishiri ya fita. Wasu sukan shafa masa tanin, dangin abin da majema ke samu a bagaruwa. In babu halin wannan duka, akwati mai rufi gam da ƙwayoyin silika masu shan laima sun isa, muddin laimar ba ta wuce kashi 15 cikin 100 ba.

Ɗan kasuwan da aka kawo wa irin wannan ƙarfe, ya goge shi ya shafa masa baƙin mai don ya yi kyan gani, ya ɓata shaida, domin mai yakan gurɓata awon shekaru. Doka ta 1997 kan kayan tarihi ta hana tono ba da izini ba, sai dai doka ba ta sayen akwati. Wannan aikin ma'aikatan da ke tsara kasafin kuɗi ne, kuma kuɗin bai kai na tayoyin motar minista guda ba. Ya kamata a tanade su kafin ruwan farko ya sauka.