Zane-zanen Yaƙi: Wa Ake Girmamawa?



An nemi in yi magana a yau a kan shahararrun hotunan da masu zane na ƙasashen Turai suka yi game da yaƙi da mayaƙa. Mu a ƙasar Hausa da baki muka saba girmama jarumi, watau ta hanyar kirari da take da waƙa. Su kuwa Turawa, ban da waƙa, sun daɗe suna yin wannan aiki da fenti a kan ƙyalle. Mai zanen fada a can da makaɗin fada a nan matsayinsu kusan ɗaya ne: dukansu akwai mai ci da su, kuma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Abin da nake so in nuna muku shi ne, girmama soja daban, yabon yaƙi daban, kuma ana gane wanda mai zane ya zaɓa ta wurin duba mutumin da ya sa a tsakiyar hotonsa. Zan ɗauki hotuna shida, in bi su bisa ga shekarunsu.

Na farko shi ne hoton miƙa wuyan birnin Breda, wanda Diego Velázquez ya gama a 1635 domin ƙawata fadar Sarki Filibus na Huɗu na Sifen. Breda birni ne a ƙasar Holan, wanda rundunar Sifen ta yi wa ƙawanya wajen wata tara har ya sallama a 1625. A tsakiyar hoton, shugaban masu tsaron birnin ya rusuna yana miƙa mabuɗin gari, shi kuma Janar Spinola ya sauko daga kan dokinsa, ya dafa kafaɗarsa, ya hana shi durƙusawa. Haƙiƙa wannan hoto ne mai nuna karamci. Amma fa karamci ne tsakanin manya. Sojojin Sifen galibinsu ba a ganin kome nasu sai dogayen māsu a jere kamar karan dawa, ga hayaƙi can nesa, babu gawa, babu yunwa. Shekara biyu bayan an gama hoton, a 1637, mutanen Holan suka ƙwace birninsu. Nasarar ta wuce, hoton kuwa yana nan a gidan adana zane-zane na Prado a Madrid.

Na biyu ya fi na farko yabo. A watan Mayu na 1800 Nafoliyon ya ƙetare duwatsun Alps da rundunarsa zuwa Italiya. Jacques-Louis David ya zana shi a 1801 bisa wani ingarma da ya ɗaga ƙafafun gaba, iska na kaɗa alkyabbarsa, yana nuna ƙololuwar dutse da hannu. A kan duwatsun da ke ƙasa an rubuta sunansa tare da na Hannibal da na Shalman, manyan mayaƙan da suka ƙetare wannan tsauni kafin shi. Wannan kirari ne tsantsa. Alhali kuwa a kan alfadari ya yi tafiyar, wani ɗan jagora na jan linzami, kamar yadda Paul Delaroche ya zana wajen shekara hamsin bayan haka. Sojojin da suka ja igwa cikin dusar ƙanƙara suna nan a hoton David, amma ƙanana, can baya, sai an ƙura ido kafin a gan su. Hoton ya gamshi mai shi, har aka zana shi sau biyar.

To, sai mu duba abin da wannan runduna ta Nafoliyon ta aikata a wani wuri. Ranar 2 ga Mayu 1808 mutanen Madrid suka yi wa sojojin Faransa bore. Kafin gari ya waye ranar 3 ga wata, an kwashi waɗanda aka kama an harbe su a bayan gari. Francisco Goya ya zana wannan dare a 1814. Fitila ɗaya aka ajiye a ƙasa, haskenta ya faɗa kan wani talaka mai farar riga, a durƙushe, ya buɗe hannuwansa sama. Gefensa gawawwaki ne cikin jini, bayansa kuma wasu na jiran nasu, sun rufe fuska da hannu. Masu harbin sun ba mu baya, ba mu ga fuskar ko ɗaya ba. Ku lura, hukumar Sifen ce ta biya Goya kuɗin wannan aiki, kamar yadda sarki ya biya Velázquez. Ashe ke nan ba mai biya kaɗai ke yanke abin da hoto zai faɗa ba. Goya ya ɗauke sarki da janar daga tsakiya, ya sa mutumin da ba mu san ko sunansa ba.

Hoto na huɗu mace ce ta zana shi, Elizabeth Thompson, wadda daga baya aka sani da Lady Butler. A 1874 ta nuna hoton kiran suna bayan wani gumurzu a yaƙin Kirimiya, wanda aka yi daga 1853 zuwa 1856. Ragowar sojojin Ingila ne a jere cikin sanyi, saje na duba waɗanda suka rage. Wani an ɗaure masa kai, wani ya jingina da ɗan'uwansa, wani ya faɗi ƙasa. Hafsan yana gefe a kan doki, ya yi shiru yana kallonsu. Jama'ar Landan suka yi cincirindo har sai da aka sa ɗan sanda gadin hoton, kana Sarauniya Biktoriya ta saye shi. Babu mai musun cewa hoton nan ya girmama soja, amma ya girmama shi ne da wahalarsa, ba tare da ya ƙawata abin da ya jefa shi cikinta ba.

Haka kuma na biyar. A Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin Ingila ta aiki John Singer Sargent, Ba'amurke, zuwa Faransa, da nufin ya zana haɗin kan sojojin Ingila da na Amurka. A watan Agusta na 1918 ya ga sojojin da iska mai guba ta rufe wa ido ana kai su wurin magani, sai ya zana wannan a maimakon abin da aka nema. Hoton, wanda ya gama a 1919, faɗinsa ya haura mita 6. Samari ne a layi, idanunsu a ɗaure, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa kamar makafi, wasu da yawa na kwance a gefen hanya. Can baya, in ka duba ta tsakanin ƙafafunsu, wasu sojoji na buga ƙwallo. Watau abin ya zama ruwan dare, har bai isa ya tsayar da wasa ba.

Na ƙarshe shi ne Guernica na Fikaso. Ranar 26 ga Afrilu 1937, lokacin yaƙin basasar Sifen, jiragen Jamus da na Italiya masu goyon bayan Janar Franco suka yi ruwan bama-bamai a kan garin Guernica. Cikin 'yan makonni Fikaso ya gama wani ƙaton hoto mai faɗin kusan mita 8, ba launi sai baƙi da fari da ruwan toka. Ga uwa rungume da gawar ɗanta, ga doki na kururuwa, ga mace cikin gobara. Mayaƙi ɗaya tak ke ciki, shi ma a ƙasa yake, gunduwa-gunduwa, da karyayyen takobi a hannu. Fikaso ya hana a kai hoton Sifen muddin ba a dawo da 'yancin jama'a ba, saboda haka ya zauna a New York har 1981. Akwai kwafinsa da aka saƙa aka rataye a ƙofar zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Fabrairu na 2003, lokacin da Amurka ke kawo hujjojinta na yaƙar Iraƙi, an lulluɓe shi da labule. Jami'ai sun ce saboda masu ɗaukar hoton talabijin ne, amma mutane da yawa ba su gamsu da wannan bayani ba.

Jama'a, kun ga yadda tsakiyar hoto ta yi ta sauyawa cikin shekara ɗari uku: daga janar zuwa ƙaramin soja, daga soja zuwa farar hula. Wannan ya shafe mu. Dubban mutanenmu sun yi Yaƙin Duniya na Biyu a Bama, cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, wasu da bindiga, wasu da kaya a ka. Mun kuma yi namu yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, kuma kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, ana tunawa da 'yan mazan jiya. Cikinku akwai waɗanda wata rana za a kawo wa fayil na gina hasumiyar tunawa, ko na zanen bango, ko na littafin tarihi domin makarantu. In ranar ta zo, ina roƙonku ku tambaya: wa aka sa a tsakiya, wa aka tura baya, wa aka bari a waje? Ku nemi a rubuta sunan kurtu kusa da na hafsa, a tuna da mai ɗaukar kaya, da matar da aka bari da marayu. Wanda ya ga abin da soja ya sha, ba zai yi gaggawar sake tura shi ba.