Gandu da Gayauna: Lissafinmu na Sabuwar Shekara



Ga shi wata shekara ta shuɗe, wata ta kama. Manomi in ya gama girbi ba ya miƙe ƙafa sai ya ƙirga dammansa, ya san ko za su kai gidansa damina. Mu ma da muka ajiye fartanya muka riƙi alƙalami, ya kamata mu zauna mu yi namu lissafin. Tambayar da ke gabanmu yau ita ce: cikin abin da muke nema, nawa ne na gida, nawa ne namu?

Da yawanmu mu ne na farko da suka taka jami'a a gidajenmu. An sayar da tunkiya, an jinginar da gona, uwa ta zuba adashi domin kuɗin rajista. Ranar da aka ji mun kama aiki kuwa, sai kowa ya ɗaga kai: kuɗin makarantar ƙanne, maganin tsoho, kayan ɗakin ƙanwa, taki in damina ta faɗi. Mu kuma ga namu burin: ƙaro ilmi, aure, ɗan filin da za mu kafa bukka. A nan ne ƙafar da yawa ke zamewa. Wani ya yi ta bayarwa har bashi ya kai masa wuya, daga nan sai hannu ya kai ga abin da ba nasa ba a ofis. Wani kuma ya ɗauke ƙafa daga gida, ko kiran mahaifiyarsa ya gani sai gabansa ya faɗi.

Kakanninmu sun san wannan matsala, sun kuwa yi mata magani. A tsarin gandu, maigida da 'ya'yansa maza, har masu aure, gona ɗaya suke nomawa, hatsi ya shiga rumbu ɗaya. Maigida shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa saurayi auren fari. Amma fa kowane ɗa yana da gayaunarsa, wadda yake nomawa bayan an tashi daga gandu, abin da ta ba shi kuwa nasa ne, ba mai cewa ya yi rowa. Bayan wannan akwai iri, wanda ko bazara ta yi tsanani ba a kai shi turmi. Mu da muka yi boko mun riƙe gandu, mun saki gayauna, mun kuma cinye iri.

Kada mu ruɗi kanmu cewa ƙarin albashi zai fid da mu. Hukumar Udoji ta ba da rahotonta a 1974, a 1975 aka biya ma'aikata ƙari har da bashin watannin baya. Aka cika kasuwa ana sayen rediyo da babur, farashi ya tashi, bukatun dangi suka tashi tare da shi. Haka a 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000, alhali cire tallafin man fetur a 2023 ya riga ya ninka kuɗin mota da na abinci. Wanda bai iya raba kaɗan ba, da yawa ma ba zai iya ba.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Na farko, kowa ya kasa abin da yake samu kashi uku tun ranar da ya shigo hannu: na gandu, na gayauna, da iri. Na biyu, mu zauna da iyayenmu mu gaya musu gaskiyar albashinmu. Yawancin nauyin da ake ɗora mana ya samo asali ne daga babbar rigar da muke sawa ranar salla da bakin da muke rufewa. Na uku, mu zaɓi taimakon da zai haifi mataimaki. Ƙane ɗaya da muka tsaya masa har ya gama karatu ko ya koyi sana'a ya fi ƙananan kyautai ashirin, domin gobe mu biyu ne za mu ɗauki jinkar.

Ga waɗanda ba su fara ɗaukar albashi ba tukuna, ku sani karatunku shi ne gayaunarku, shi ne kuma gudummawarku ga gandu. Zumunta a ƙafa take. Ziyara da gaisuwa ba sa jiran ƙarshen wata.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mu gina kanmu domin mu iya riƙe gida, mu riƙe gida domin a can za mu koma. Allah ya sa baɗi war haka mu ƙirga dammanmu mu yi hamdala.