Lauyan Ƙwadago da Fayil ɗin Malami: Darasi daga Rayuwar Barista Bamidele Aturu

Jawabin da Kwamitin Jin Daɗin Malamai na reshe ya gabatar a babban taron mambobi



An ɗora wa wannan kwamiti nauyin yin bayani a kan mutumin da galibinmu ba ma tunawa da shi sai ranar da takardar dakatarwa ko ta sallama ta iso hannu, wato lauyan da ya ƙware a dokokin aiki da ƙwadago. Mun ga ya dace mu gina bayanin a kan rayuwar mutum guda da tarihi ya sani, Barista Bamidele Aturu, domin shi ɗan gida ne: horon malanta ya fara samu kafin ya sa rigar lauya. Abin da muke so kowa ya koma gida da shi kuwa shi ne, ƙwarewar lauya komai zurfinta tana aiki ne da abin da malami ya adana a fayil ɗinsa da kuma lokacin da ya kawo kuka.

An haifi Aturu a 1964, ɗan asalin Jihar Ondo ne. Ya karanci kimiyyar lissafi da sarrafa abubuwa, wato fiziks, a Kwalejin Ilimi ta Adeyemi da ke Ondo. Nijeriya ta fara jin sunansa a 1988, lokacin da ya kammala hidimar ƙasa a Jihar Neja. An zaɓe shi cikin waɗanda za a karrama saboda ƙwazo, amma a wurin bikin ya ƙi miƙa wa gwamnan soja na jihar, Lawan Gwadabe, hannu, don nuna adawarsa da mulkin soja. Daga nan ya nufi Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife ya karanci shari'a, aka kuma rantsar da shi a matsayin lauya a 1995. Ya shafe sauran rayuwarsa yana tsaya wa ma'aikata da ƙungiyoyinsu a kotu. A 2005 ya wallafa littafi a kan dokokin ƙwadago na Nijeriya, a 2013 kuma ya fitar da wani a kan yadda ake gudanar da shari'a a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. A wannan shekarar ta 2013 ne Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ba shi gaskiya a ƙarar da ya shigar yana ƙalubalantar sakar wa kasuwa farashin man fetur. Ya rasu a watan Yuli na 2014 yana da shekara 49.

Kalmar barista daga Ingila muka gaje ta. A can an raba aikin lauya gida biyu: akwai mai zama a ofis yana karɓar masu ƙara da shirya takardu, akwai kuma barista mai tsayawa gaban alƙali. A Nijeriya mutum ɗaya ke riƙe da duka biyun. Bayan digiri a jami'a sai ya wuce Makarantar Horon Lauyoyi, wadda aka kafa a Legas a 1962, yanzu kuma hedikwatarta tana Bwari, tana da rassa har da Bagauda ta Jihar Kano da Yola. Duk wanda ya fito daga can barista ne, amma fagen shari'a faɗi gare shi. Wanda ya goge a rikicin filaye ko ƙararrakin zaɓe ba lalle ne ya san sirrin shari'ar ma'aikata ba, kamar yadda gwanin koyar da Turanci ba zai shiga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ya ce shi ma ya iya ba.

Tambayar farko da ƙwararre irin Aturu zai yi wa malamin da ya kawo masa kuka ita ce: wane ne ya ɗauke ka aiki, kuma a ƙarƙashin wace doka? A kan amsar nan dukkan shari'ar take ratayewa. Kotunan Nijeriya sun bambanta aikin da ya tsaya a kan yarjejeniya tsakanin mai gida da ma'aikacinsa, kamar na malamin makarantar kuɗi, da aikin da doka ko ƙa'idojin aikin gwamnati suka tsara yadda ake shigarsa da yadda ake fita daga cikinsa. A nau'i na farko, abin da aka saba shi ne idan an sallami mutum ba bisa ƙa'ida ba, diyya zai samu, ba a tilasta wa mai makaranta ya mayar da shi. A nau'i na biyu, idan hukuma ta tsallake matakan ladabtarwa da doka ta shimfiɗa, kotu tana iya rushe sallamar, ta ce kamar ba a yi ta ba, a mayar da ma'aikaci kujerarsa a biya shi albashinsa na baya.

Malamai ne suka share wannan hanya da guminsu. A 1985 Kotun Ƙoli ta mayar da Farfesa Olaniyan da abokan aikinsa bakin aiki a Jami'ar Legas, domin jami'ar ta sallame su ba tare da bin matakan da dokar kafa ta ta tanada ba. A 2001 Jami'ar Ilori ta sallami malamai 49 a sanadiyyar yajin aiki. Sai a 2009 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a mayar da su tare da haƙƙoƙinsu. Mu lura da tsawon jiran: shekara takwas, wasu daga cikinsu ma ba su ga ranar ba. Lauya na gaskiya yana faɗa wa mai ƙara wannan tun farko, domin iyali su san irin tafiyar da ke gabansu.

Abu na biyu da ƙwararre ya sani shi ne ƙofar da za a ƙwanƙwasa. An kafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da dokar soja a 1976, amma ta daɗe ana jayayya a kan matsayinta, saboda kundin tsarin mulki bai ambace ta cikin manyan kotuna ba. Gyara na uku da aka yi wa kundin 1999, wanda ya fara aiki a 2011, shi ya kawo ƙarshen gardamar. Sashe na 254C ya ba ta ita kaɗai hurumin sauraron ƙararrakin da suka shafi aiki, albashi, fansho, giratuti, ƙungiyoyin ƙwadago, wariya da cin zarafi a wurin aiki. Wanda ya kai irin wannan ƙara wata kotun daban ya yi asarar lokaci da kuɗi. Sashen ya kuma ba kotun damar duba ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Da wannan dama ne ta fara yanke hukunci cewa sallamar ma'aikaci ba tare da bayyana dalili ba rashin adalci ne, ko da a ma'aikatar da ba ta gwamnati ba. Wannan labari ne mai daɗi ga 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke koyarwa a makarantun kuɗi. A 2017 kuma Kotun Ƙoli ta fayyace cewa wanda bai gamsu da hukuncin Kotun Ma'aikata ba zai tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma a ƙararrakin da ba na laifi ba, nan ne maganar take tsayawa.

Akwai wani abin da yakan ba malamai mamaki idan lauya ya faɗa musu. Dokar Ƙwadago da muke yawan ambata a tarurruka ba ta rungumi kowa ba. Sashe na 91 ya fassara ma'aikaci da mai aikin ƙarfi ko na akawu, ya fitar da masu aikin gudanarwa da na ƙwararru. Saboda haka kariyar malamin gwamnati ta fi dogara a kan takardar kama aikinsa, da ƙa'idojin aikin gwamnati na jiharsa, da dokar da ta kafa hukumar da ta ɗauke shi, sai kuma sashe na 36 na kundin tsarin mulki wanda ya wajabta a saurari mutum kafin a hukunta shi. Lauyan da bai san wannan ba zai gina ƙararsa a kan yashi.

Abu na uku shi ne lokaci. Akwai tsohuwar doka ta kare jami'an gwamnati wadda ta ce duk mai son ƙarar jami'i ko hukuma a kan abin da suka aikata a bakin aiki ya yi hakan cikin wata uku. Kotuna sun sha yanke hukunce-hukunce mabambanta a kan ko wannan wa'adi ya shafi shari'ar sallama daga aiki. Don haka lauya mai hattara ba ya caca da shi. Da yawa daga cikin ma'aikata sukan shafe watanni suna bin manya da masu faɗa-a-ji ana ba su haƙuri, sai wa'adi ya shuɗe sannan su nemi lauya. Neman sulhu abu ne mai kyau, kuma al'adarmu ce, amma a yi shi ido na kan kalanda.

Wajibi ne kuma mu faɗi inda ƙarfin lauya yake ƙarewa. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu 2022. Gwamnatin Tarayya ta kai maganar Kotun Ma'aikata, Babban Lauya Femi Falana ya tsaya wa ƙungiyar, kuma babu mai shakkar ƙwarewarsa. Duk da haka a watan Satumba kotun ta umarci malamai su koma aji, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a bi umarnin tukuna, aka janye yajin ranar 14 ga Oktoba. A 2023 kotun ta tabbatar da cewa tsarin ba aiki ba albashi yana da gindi a sashe na 43 na Dokar Rikicin Ma'aikata. Darasin a fili yake: dokar ta shimfiɗa matakan sasanci da sulhu da za a bi kafin a ajiye aiki, kuma shawarar lauya ta fi amfani kafin a buga gangar yajin aiki. Haka kuma ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Kaduna a 2017 ba, inda aka yi wa malaman firamare jarrabawar gwaji, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, ƙungiyarmu ta garzaya Kotun Ma'aikata. A rana irin wannan, dubban iyalai ne abincinsu ke rataye a kan takardu.

To waɗanne takardu ne? Duk malamin da ke zauren nan ya kamata ya kasance yana da fayil a gida, ban da wanda ke ofis. A cikinsa a sami takardar kama aiki, da ta tabbatarwa, da ta kowane ƙarin girma, da ta kowane canjin wurin aiki. A sami shaidar karatu da shaidar rajista da hukumar yi wa malamai rajista, wadda aka kafa a 1993. A sami takardun albashi ko bayanan banki, da bayanin asusun fansho ga waɗanda ke cikin tsarin karo-karo, inda dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki kuma kashi 10. A tabbata ranar haihuwa da ranar fara aiki iri ɗaya ne a ko'ina, domin a kansu ake lissafin ritaya, balle yanzu da dokar 2022 ta ɗaga wa'adin malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Kowa ya tambayi shugabannin reshe halin da ake ciki game da aiwatar da ita a jiharmu. A ɗauki hoton kowace takarda a ajiye a waya, a kuma nuna wa mata ko miji ko babban ɗa inda fayil ɗin yake. Magada da yawa sun sha wahalar neman haƙƙin mamaci saboda rashin takarda guda.

Idan aka ba malami takardar tuhuma, kada fushi ya sa ya ƙi karɓa, kada kuma tsoro ya sa ya amsa laifin da bai yi ba. Ya karɓa, ya rubuta ranar da ta iso hannunsa, ya sanar da wakilin ƙungiya a ranar, ya amsa a rubuce cikin wa'adin da aka ba shi, ya riƙe kwafi mai ɗauke da hatimin ofishin da ya karɓa. Idan aka kira shi gaban kwamitin ladabtarwa ya je, ya nemi a nuna masa abin da ake zarginsa da shi. Kada ya sa hannu a kan takardar da bai karanta ba, musamman ta ajiye aiki don kansa. Wanda ya ƙaurace wa kwamiti, da wuya ya iya ce wa kotu ba a saurare shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga reshe kuma, kwamitinmu yana ba da shawara uku da muke roƙon wannan taro ya duba. A ƙulla alaƙa da lauyan da ya saba shiga Kotun Ma'aikata, a tambaye shi ƙararrakin da ya gudanar a can kafin a amince da shi. A ware wani kaso daga kuɗin ƙungiya domin taimakon shari'a, yadda malami ba zai sayar da gona ko akuyar matarsa don biyan lauya ba. A kuma sa rana a kowane zangon karatu da wakilan makarantu za su duba fayil ɗin mambobinsu, su gano giɓi tun ana zaman lafiya.

'Yan'uwa, tun 1931 da aka kafa Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya ƙarƙashin jagorancin Rabaran Ransome-Kuti, malamai suka gane cewa mutum ɗaya ba ya iya tunkarar hukuma. Aturu ya bar aji ya tafi kotu, ya kuma rubuta abin da ya sani domin ma'aikaci ya karanta ya fahimci matsayinsa. Mu da muke koya wa yara muhimmancin rubutu da adana littafi, mu ne ya fi cancanta a samu takardunmu a kammale. Wakilan makarantu za su karɓi jerin takardun da muka lissafa daga hannun sakataren reshe bayan an tashi, domin a fara dubawa daga mako mai zuwa.